Wane Kifi Za Ka Saka a Tankin Dashen Murjani? Shawara ga 'Yan'uwa Masu Saye a Jidda

Tankin da ake renon dashen murjani a ciki daban yake da tankin ado na falo. Ba shi da zurfi, galibi santimita 25 zuwa 35, sai faɗi da tsawo. Ba a cika shi da duwatsu, yawanci ma ƙasansa gilashi ne tsura babu yashi, sai ragar roba da ake jera fulogi a kai, 'yan tubalan tangaran ɗin nan da ake manna wa yankan murjani da gam. Fitila mai ƙarfi a sama, famfunan kaɗa ruwa a gefe da gefe. A wurin kifi, wannan fili ne marar maɓoya, ga haske ga igiyar ruwa, kuma ga hannun mutum yana shiga yana fita kullum. Ba kowane kifi ne ke jure haka ba, wanda ya jure kuma ba lalle ne ya bar maka dashenka lafiya ba.

Cikin samarinmu na Jidda da Makka akwai waɗanda suka koyi aikin nan a shagunan kifin ado, ko wajen kula da tankunan gidajen masu hali, yanzu sun fara kafa nasu a ɗaki, suna yanka nau'o'in murjani irin su zowa da montifora da akurofora, su rena su sayar. Tambayar da suka fi yi mini ita ce wane kifi za a saka. Amsata kullum tana farawa daga wuri ɗaya: ka tambayi kanka wane aiki kifin zai yi maka, domin duk kifin da ya shiga tankin dashe ba tare da aiki ba, nauyi ne a kan ruwanka da aljihunka.

Aikin uku ne. Na farko gansakuka. Fitilar da ke sa murjani girma ita ke sa gansakuka girma, gansakuka kuwa ta fi shi sauri nesa ba kusa ba. Yankan akurofora mai tsawon santimita 2 ba shi da ƙarfin kare gindinsa. Idan koren gashi ya kama bakin fulogi, cikin 'yan makonni zai hau naman ya shaƙe shi, ka wayi gari ka tarar da farin ƙashi. Na biyu ƙwari: jajayen tsutsotsi masu faɗi da ke lulluɓe murjani su tare masa haske, da danginsu masu cin naman akurofora, da 'yan fararen dodon-koɗi marasa ɓawo da ke cin montifora daga ƙarƙashi. Na uku, wanda mutane ba su cika kawowa a rai ba, shi ne kashin kifin. Murjani yana buƙatar ɗan naitiret da ɗan fosfet a ruwa. Tankin da babu kifi, ga injin kumfa yana ta tsotse datti, sai awo ya nuna sifili, launin murjani ya koɗe, daga nan wata majina mai ruwan ƙasa mai 'yan kumfa ta mamaye raga, wadda rabuwa da ita ya fi rabuwa da gansakuka wuya. Masu reno da yawa suna riƙe naitiret tsakanin miligiram 5 da 10 a kowace lita, fosfet tsakanin 0.03 da 0.1. Kifi biyu ko uku da ake ciyarwa sosai sun isa su riƙe maka wannan.

Ni dai idan tankinka ya kai tsawon santimita 120, ruwansa ya kai lita 250 ko sama da haka, kifin da zan ce ka nema shi ne tomini, wanda a takardar kaya ake rubuta Ctenochaetus tominiensis. Daga ruwayen Indonesiya da Filifin ake kawo shi. Ba ya ɗaukar ido: jiki ruwan ƙasa, wutsiya fara-fara, sai ruwan lemo a ƙarshen fiffiken baya da na ciki. Mai shago ba zai ja hannunka ya tsayar da kai a gabansa ba. Amma ka tsaya da kanka na minti biyar ka kalli bakinsa. Haƙoransa ba irin na sauran danginsa da ake kira tang ba ne, masu tsinke ganye. Sirara ne masu lanƙwasuwa, a jere kamar na matsefi. Zai buɗe leɓe ya manna a jikin gilashi ko gefen fulogi, ya shafe, ya matsa gaba kaɗan, ya sake mannawa, tun kunna fitila har kashe ta. Da safe idan ka duƙa ka dubi gilashin ta gefe, za ka ga tabon leɓensa a jere inda ya kwashe ƙurar nan mai ruwan ƙasa da ta kwanta. Wannan ƙura da dattin da ke maƙalewa cikinta su ne shimfiɗar da gansakuka mai gashi ke kafuwa a kai. Shi tomini yana ɗauke ta tun ba ta zama komai ba, kuma a daidai wurin da yatsanka ba ya shiga, tsakanin idanun raga da ƙasan fulogi.

Abu na biyu da ya sa nake son sa, girmansa. Iyakarsa wajen santimita 16, kuma ba ya gaggawar kai wa can. Jikinsa siriri ne, yana ratsa tsakanin raga da raga ba tare da ya ture dashe ba. Wanda ya taɓa tsintar yankan akurofora a ƙasan tanki, fuska a kife, ya kwana a kan zowa sun ƙone juna, ya san darajar kifin da ba ya ture kaya. Halinsa ma da sauƙi idan aka gwada shi da danginsa. Yana iya yi wa sabon shiga barazana kwana ɗaya ko biyu, ya ɗaga fiffike ya juya masa wutsiya, daga nan ya koma aikinsa. Ban taɓa ganin ya kai wa naman murjani mai lafiya baki ba. Abinci kuwa ba ya wahalarwa: busasshen ganyen nori da ake samu a manyan kantuna, wanda ba a sa masa gishiri ko mai ba, a maƙale shi a gilashi, sai ɗan abincin gwangwani da daskararren jatan lande ƙanana. Kada a ce ai yana lasar gilashi ya ƙoshi. Tankin dashe mai tsafta ba ya ciyar da tang, idan ka ga cikinsa ya shafe to yunwa ce.

Yana da iyakarsa, kuma gara ka san ta kafin ka biya kuɗi. Gansakukar da ta riga ta yi tsawo ba ya cin ta, bakinsa ba na wannan ba ne. Sai ka fara tsige ta da hannu, ka goge fulogi da tsohon buroshin haƙori a wajen tanki, sannan shi ya hana ta dawowa. Guda ɗaya ake sakawa, biyu faɗa za su yi har ɗaya ya mutu. A gindin wutsiyarsa akwai 'yar aska kowane gefe, saboda haka da roba ake kama shi, ba da koma ba, don askar na sarƙewa a zare. Kuma ka ba shi ɗaki: guntun bututun roba mai faɗi ko duwatsu biyu a ƙarƙashin raga, inda zai shige idan ka sa hannu. Tang da ba shi da maɓoya a firgice yake kwana, firgici kuwa shi ke buɗe wa cutar farin ɗigo ƙofa, tang kuma da ma sun fi kowa saurin kamuwa da shi.

Ɗan'uwan tomini na tekunmu Bahar Maliya, Ctenochaetus striatus, aiki iri ɗaya yake yi, sai dai yana kai wa santimita 26, don haka sai tanki mai tsawon gaske. Tang ɗin da ake kira sohal kuwa, duk wanda ya yi iyo a bakin murjanin Abhur da ke arewacin Jidda ya ga yadda yake korar duk abin da ya gifta ta yankinsa, ga shi yana kai wa santimita 40. Ba na tankin dashe ba ne, ko an ba ka kyauta. Tang mai ruwan shuni da wutsiya rawaya, Zebrasoma xanthurum, abin alfaharin Bahar Maliya ne, yana kuma cin gansakuka mai gashi, amma ya wuce santimita 20 kuma mafaɗaci ne. Tang rawaya na Hawai tun da kotu ta dakatar da kamunsa a can a 2021 kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo, wanda ake samu yanzu galibi na ƙyanƙyasa ne, kuma ban ga dalilin da mai neman riba da dashe zai zuba wannan kuɗi a kifin shara ba. Mai fuskar dila, Siganus vulpinus, dangin sijan ne da muke saye a kasuwar kifi ta Bangala mu soya. Yana cin gansakukar da wasu ba sa taɓawa, amma ƙayoyin bayansa da dafi, kai kuma hannunka kullum a ruwa yake, idan yunwa ta kama shi kuma zowa yake komawa.

Wanda tankinsa bai kai lita 250 ba, ya haƙura da tang gaba ɗaya. Akwai bileni mai ɗigo a wutsiya, Ecsenius stigmatura, ɗan ƙarami mai lasar ƙura. Babban bilenin nan Salarias fasciatus yana aiki, sai dai zama yake yi a kan dashe, kuma da yawa daga cikinsu idan gansakuka ta ƙare ba sa karɓar abinci, su rame su mutu. Abin da ya fi araha shi ne moli, baƙin kifin ruwan daɗin nan da ake sayar wa yara. Idan aka riƙa ɗiga masa ruwan gishiri a hankali, daga sa'o'i masu yawa zuwa kwana guda ko biyu, yana komawa na teku, yana kuma cin gansakuka mai laushi da gaske. Tunda daga ruwan daɗi ya fito, ba ya zuwa da farin ɗigon teku. Rauninsa igiyar ruwa mai ƙarfi, a tankin akurofora wahala yake sha.

Sai mai farautar ƙwari. A nan zaɓina ras rawaya ne, Halichoeres chrysus, mai kai wa wajen santimita 12. Yini yake yi yana leƙa ƙarƙashin kowane fulogi da ido ɗaya, ya tsinci tsutsa ya wuce, kuma ba ruwansa da faɗa. Halichoeres melanurus ma haka, ya ɗan fi shi zafin nama, zai kuma iya cinye maka ƙananan dodon-koɗi da jatan lande. Dukansu a cikin yashi suke kwana, su nutse su ɓace da zarar fitila ta mutu. A tanki marar yashi sai ka samo robar abinci mai murfi, ka cire murfin, ka zuba yashi mai laushi zurfin santimita 5 zuwa 7, ka ajiye a lungu. Idan babu, zai yi ta dukan gilashi da baki yana neman nutsewa har ya ji ciwo. Ras mai layi shida, wanda kowane mai shago ke turo wa mai tankin dashe don ba ya buƙatar yashi, ni na yafe shi. Yana ƙarami salihi, yana girma ya hana kowa sakat, kuma kama shi a tsakanin raga sai ka kwashe dashenka duka. Kowane ras ka saya, ka rufe tankin da raga mai ƙananan idanu, wajen milimita 6, domin tsalle suke yi, tanki marar zurfi kuma ya fi sauƙin fita. Kada ka rufe da gilashi a zafin Jidda, ruwan zai ɗau zafi ya rasa iska, alhali ana son ya zauna a digiri 25 zuwa 26. Kuma kada kowa ya ce maka ras ya ɗauke maka tsoma sabon dashe a ruwan magani. Yana rage ƙwari, ba ya ƙarar da su, ƙwan da suka manna a gindin fulogi ma ba ya taɓawa.

Ga aftasiya, 'yar furen nan mai ruwan ƙasa mai harbin murjani, ana ba da shawarar kifin Acreichthys tomentosus ko malam-buɗe-littafin teku mai dogon baki, Chelmon rostratus. Na farkon idan ya gama da aftasiya yakan juya kan zowa, na biyun kuwa da yawa ba sa karɓar abinci a tanki. A tankin dashe ka fi su sauƙin aiki: ka ɗaga fulogin, ka kankare, ko ka yanke murjanin ka manna a sabo.

Kifayen ado kuwa ba sai na tsawaita ba. Kifin nimo idan bai sami furen tekun da yake zama a ciki ba sai ya tare a kan murjani mai dogayen yatsu, ya yi ta goga jiki har ya ƙi buɗewa. Ƙananan gobi na jinsin Gobiodon suna kankare reshen akurofora su sa ƙwai. Ƙananan anjel tsakurar murjani suke yi. Gobi mai tankaɗe yashi zai watsa shi a kan dashe. Idan dole sai ka ga launi, ka sayi Pseudochromis fridmani, ɗan shuɗi-shuɗi mai ruwan hoda-shuni da babu shi a ko'ina sai Bahar Maliya, ana kuma ƙyanƙyasarsa a gonakin kifi. Santimita 6 ne, ba ya ɓarna.

Duk wannan zaɓe-zaɓe, a wurina bai kai muhimmancin hannun da za ka karɓi kifin daga gare shi ba, kuma ina da dalili. Wani mai sayarwa ya taɓa dafa ƙirji ya ce mini, «Wallahi Alhaji wata guda ke nan yana wurina a killace, ya sha magani, ka kai shi kai tsaye.» Ashe kifin ko mako bai yi da sauka daga jirgi ba, yaron shagon ne ya faɗa mini daga baya. Belbet ya kawo, cutar da ake kira Amyloodinium. Ba ta fara nuna kanta a fata ba. Na ga dai kifayen sun daina ci, sun taru a bakin famfo suna fuskantar igiyar ruwa, marfin kunnensu yana buɗewa yana rufewa da sauri, suna gudun haske. Kafin ƙurar nan mai ruwan zinariya ta bayyana a jikinsu, aikin gama ya gama. Abin da ke sa wannan ya fi zafi a tankin dashe shi ne ba ka da damar magani a ciki. Maganin jan ƙarfe da ke kashe cutar yana kashe murjani da dodon-koɗi da jatan lande. Dole a kwashe kifin da ya rage a kai wani tanki, a bar na dashe babu kifi ko ɗaya har ƙwayar cutar ta mutu da yunwa: mako shida ga belbet, ga farin ɗigo kuwa masu reno suna ƙirga kwana 76. Duk tsawon wannan lokaci babu mai lasar fulogi, babu mai farautar tsutsa, naitiret ya faɗi, gansakuka ta samu fili. Kuɗin kifin da ya mutu bai kai rabin asarar dashen da ta biyo baya ba. Har yau idan na tuna rantsuwar nan raina yana ɓaci.

Saboda haka, ɗan'uwa, killacewa taka ce, a gidanka, ko wane ne ya rantse. Ƙaramin tanki na lita 60 zuwa 80, da soson tacewa, da guntayen bututu, kifi ya yi wata guda a ciki kana kallonsa. Koma da bokiti da tiyo nasa daban.

Sannan ka san dabarun da ake yi. Wasu shaguna suna zuba ɗan maganin jan ƙarfe a ruwan kifinsu, wanda bai isa ya kashe cuta ba amma ya isa ya danne ta, kifi ya yi kyau a shago, ya je gidanka ta fito. Wasu kuma suna rage gishiri, awon nauyin ruwan ya sauko wajen 1.018 ko 1.020, don tattalin gishiri da danne cuta, alhali tankinka yana 1.025 ko 1.026. Kifi yana jure saukar gishiri, amma hawansa da sauri yana galabaitar da shi. A ɗaya gefen kuma, kifin da aka kamo daga tekunmu ya fito daga ruwa mai gishiri wajen 40 cikin 1000, tankinka kuwa 35. Don haka ka auna ruwan leda kafin komai, ka daidaita tankin killacewa da shi. Ruwan ledar kuma ko ɗigo kada ya shiga wurin murjani.

Akwai maganar sayanaid. A wasu wurare na Filifin da Indonesiya, masu kamu suna fesa wannan guba cikin ramukan murjani, kifi ya suma su tsince shi. Murjanin wurin ya mutu, kifin kuma hantarsa ta lalace. Zai iya iso maka launinsa fes, har ya ɗan ci abinci, bayan 'yan makonni ya rame ya mutu babu tabo a jikinsa. Tunda tomini daga can yake zuwa, wannan ya shafe ka kai tsaye. Ba za ka gane da ido a rana ɗaya ba, shi ya sa kifin da ya jima a shago yana ci, cikinsa a cike, ya fi wanda aka sauke jiya ko da ya fi shi kyau. Ka ce a ba shi abinci a gabanka. Idan aka ce maka yanzun nan ya ci, ka ce to za ka dawo gobe da safe. Ka dubi bayan kansa, saman ido: idan wurin ya lotsa, ramar ta yi nisa, ba ya dawowa.

Sai musanya. Wannan ita ta fi yawa, wani lokaci da gangan, wani lokaci mai shagon ma bai sani ba, amma asarar taka ce ko ta yaya. Ka nemi jatan landen da ke cin aftasiya, Lysmata wurdemanni da danginsa, a miƙo maka mai doro, Rhynchocinetes durbanensis. Na gaskiyar jikinsa a miƙe yake, garai-garai, da siraran jajayen layuka. Mai doron bayansa a tanƙware, ja da fari ƙarara, manyan idanu, tsinin goshinsa yana motsi sama da ƙasa, kuma zowa da murjani mai laushi yake ci cikin dare. Ka nemi fridmani, a ba ka Pictichromis porphyrea, launi kusan ɗaya, amma mugu ne. Alamar fridmani baƙin layi daga baki ya ratsa ido, wancan ba shi da shi. Ka nemi ras mai wanke kifi, a haɗo maka da bilenin da ke kwaikwayonsa, na jinsin Aspidontus, wanda bakinsa yake ƙarƙashin hanci, da fiƙoƙi, yana matsowa kamar zai yi wanka ya gatsi fiffike ya gudu. Na gaskiyar ma ban ba ka shawarar saye ba, ba ya daɗewa a ƙaramin tanki kuma ba ya maganin farin ɗigo kamar yadda ake faɗa. Idan an ce maka ga kole, wani ɗan'uwan tomini na Hawai, ka duba da kyau, akwai Ctenochaetus truncatus na Tekun Indiya mai kama da shi. Kifi ne mai kyau, yana aiki, amma kada ka biya kuɗin wancan a kansa. Kuma maganar nan da ake yi a kan ɗan sohal ko ɗan tang shuɗi mai girman riyal na ƙarfe, wai kifi girman tankinsa yake bi, ƙarya ce. Ko ya girma ya fi ƙarfin wurin, ko ya tsumbure ya mutu. Ka sa a rubuta maka cikakken sunan kifin a rasit, ka buɗe waya ka gwada hoto kafin a ɗaure leda.

Na fi jin tsoron masu tallar waya, waɗanda za su turo maka hoto su ce kamun jiya ne daga Abhur ko Shu'aiba, rabin kuɗin shago, a haɗu a bakin titi. Kifin da ya kwana a bokiti a bayan mota ba ka san me ya sha ba. Mafi muni, irin waɗannan su ne ke haɗawa da reshen murjani da aka ɓalle daga teku. Ɓalle murjani laifi ne a ƙasar nan, akwai Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa da ke bin wannan, murjani mai ƙashi kuma yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, shigo da shi daga waje sai da takarda. Ƙasar da jami'ar KAUST ta Suwal take renon murjani don farfaɗo da na tsibirin Shusha ba za ta yi wasa da mai ɓalle shi ba. Mu da iƙamarmu ke hannun hukuma, bai kamata mu sa kanmu a wannan ba saboda rangwamen 'yan riyaloli. Ban da haka ma, reshen teku da ƙwarinsa yake zuwa, kuma amfanin dashe tun farko shi ne a bar na teku a inda Allah ya ajiye shi.

Idan ka sami kifin da ya kwanta maka, ka ba da kafin alƙalami ka ce a riƙe maka shi mako guda, ka dawo ka ga ko yana nan yana ci. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba ya ƙin wannan. Ranar ɗauka ka je da kula mai riƙe sanyi, ka sa ledar a ciki, motar da iyakwandishan, kada ka tsaya cefane a hanya. Masu zuwa daga Makka su yi sayayyarsu bayan la'asar, na Madina kuwa, tafiyar sama da kilomita 400, su ce a cika ledar da iskar oksijin, kifi ɗaya leda ɗaya, a kuma riɓanya wa tang leda saboda askarsa. Wajen sakawa a tankin dashe, bayan an gama killacewa, mai sanyin hali ake fara sakawa: bileni ko moli, sai ras rawaya da robar yashinsa, a ba su mako biyu ana auna ruwa, sannan tomini ya shiga a ƙarshe.